Dokina Yana Liba, Ni Ina Ofis

A watan Janairu rana ba ta fitowa a Birnin Kebbi sai bakwai ta gota. Mu ne a ƙuryar yammacin ƙasa. Agogonmu ɗaya da na mutanen Maiduguri, amma su gari kan waye musu fiye da rabin awa kafin ya waye mana. Ƙarfe takwas kuwa ana jiran ma'aikaci ya sa hannu a littafin zuwa aiki. A tashi ƙarfe huɗu, rana ta faɗi wajen shida da rabi, ranar da hazo ya yi kauri ma tun La'asar sakaliya za ka neme ta ka rasa. Duk mai cin albashin da ke da doki, cikin wannan 'yar tazara zai lalubi lokacin hawa. Ni ko tazarar ba ta amfane ni da komai, domin nawa dokin ba ya gari. Yana Liba, cikin ƙaramar hukumar Maiyama, a gidan kawuna, fiye da kilomita 50 daga teburina.

Abokan aiki sun sha tambayata abin da ya hana in kawo shi birni. Amsar tana cikin aljihu. Gidan haya ba a kafa masa turke. A birni ƙullin harawa saye ne, dusa saye, ruwa sai ɗan garuwa ya kawo, sannan ka biya wanda zai share barga. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Nawa ya ɗara haka, amma ba ɗarawar da za ta riƙe iyali da ingarma a gari ɗaya ba; linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A Liba harawa ta gonar Kawu ce, karmami nasa ne, ni nawa dawa da kanwa da kuɗin magani. Da wannan rabon muke tafiya.

Saboda haka hawana na Juma'a ne zuwa Lahadi, in an samu. Wata Juma'a ana saukowa daga masallaci na wuce tasha da 'yar jakata, na samu mota saura mutum biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu direban da ke tashi da gurbi, don haka muka zauna jiran cikon. Mun bi ta Kalgo gilasai a rufe saboda ƙura, kowa ya ja hula ya rufe kunne, har muka shiga Jega.

Jega mararraba ce, kuma ba ta taɓa zama shiru ba. Hanya ɗaya ta yi Aliero da Tambuwal ta miƙe Sakkwato, ɗaya ta gangara Maiyama da Koko da Yawuri har Kontagora, ta uku ita ce wadda muka biyo. A wannan lokaci na shekara warin albasa ne ke fara yi maka maraba. Manyan motoci jere, an laƙa musu buhuna har sun rankwafa, duk za su Kudu. Mutum ba zai ga wannan lodi ya tuna cewa a da dawaki na cikin hajar da ke bi ta nan ba. Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin wajen 1820, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kasuwarsa ta zama zangon fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro. Kanwa da tufafi da dawaki su gangara, goro ya hauro. Sarakunan Nupe da Ilori ba su daina sayen dawakin arewa ba, domin ƙudan tsando ba ya barin doki ya daɗe a ƙasarsu. Wanda aka kai bana, baɗi sai an nemi madadinsa. Nan kusa kuma Gimbana take, garin Abdussalami, wanda harin da Gobirawa suka kai masa ya zama cikin musabbabin jihadi. Abin da ke ba ni mamaki a wannan tarihi shi ne, a Tabkin Kwatto cikin Yunin 1804, jama'ar Shehu da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba, 'yan baka ne suka karya mahayan Gobir. Amma da mulki ya zauna, su ma dawakin suka tara. Ba a sarauta a ƙasa.

Na sayi kanwa ungurnu da gishiri, na sake mota. Mun haye gadar gulbin Zamfara, ruwa ya ja baya, gaɓa duk ta zama kore da shukar rani. Maiyama ba nisa. Daga can kabu-kabu na hau zuwa Liba, wadda mazaɓarta ɗaya da Danwa da Kuka Kogo. Ɗan kabu-kabun ya naɗe fuska da rawani, sai idanu, kuma bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, da ya ce in riƙe da kyau akwai yashi. Ya yi sauri don ya juyo da ido. Yanzu ba wanda ke son dare ya same shi tsakanin gari da gari.

Ana kiran Magariba na yi sallama. Kawu yana bakin zaure cikin bargo.

"Ma'aikaci, ka taho lahiya? Ina ɗari?"

"Ɗari lokacinsa ne, Kawu. Mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau. Tahi ka gaida mutumin naka, in ya gane ka."

Akawal ne, baƙi wuluk in an wanke shi, amma hunturu ya mayar da shi toka-toka. Gashinsa ya yi tsawo ya tashi. An rufa masa buhun algarara a gadon baya, an ɗaure da igiya ta ƙarƙashin ciki, an kuma hura 'yar wuta daga gefe. Na miƙa hannu ya shinshina, ya kau da kai ya ci gaba da cin harawarsa. Can sai ga ɗan Kawu, taubashina, ya shigo da laka har gwiwa. Tun bai ƙaraso ba dokin ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, ya yi wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa. Yaron ya dube ni yana dariya.

"Kai ka biyan kuɗɗi, ni a yi ma haniniya. Bari in kai ma ƙara gun alƙali, ko a raba muna shi."

Ban da abin cewa. Doki ba ya karanta rasit. Wanda ya ba shi ruwa da safe, ya kwashe masa kashi, ya cire masa kaska, shi ya sani.

Da asuba sanyin ya fi na birni nesa ba kusa ba, don babu ginin da zai tare iska. Ban yarda a ɗaura mini sirdi ba. In har mutum ya yi wannan tafiya don doki, to gogewa da ɗaurin sirdi suna cikin abin da ya zo nema. Na goge shi ƙura na tashi, na ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Dawakinmu ba a yi musu takalmin ƙarfe, kuma iskar hunturu tana busar da kofato har ya tsage, shi ya sa Kawu ke shafa masa man kaɗe. Na shimfiɗa zubka, na aza sirdi, na ja majayi. Ya kumbura ciki kamar yadda ya saba, na jira ya saki numfashi na ƙara ja. Linzamin sai da na dumama shi a tafin hannu kafin in sa masa a baki. Ƙarfen da ya kwana a waje cikin Janairu, ko kai aka ɗora wa a harshe sai ka yi tsalle.

Mun fita gari bai gama wayewa ba, mata na hura wuta, yara sun kewaye ta sun miƙa hannuwa. Tafiya kawai na bar shi ya yi har muka bar gidaje, jikinsa ya saki, sannan na ba shi sassarfa.

Duk shekara babu lokacin da ya kai wannan daɗin hawa, kuma dalilan a fili suke. Da damina ƙasa ta rufe. Ko'ina shuka ce, sai ka bi 'yar siririyar hanya, in dokinka ya saci baki ɗaya na gero a yi ta shari'a. Ga cabi, ga ƙudaje masu cizo da ke kawo wa dawaki ciwo. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, tara na safe ta yi ba mai imanin da zai sa dabba gudu. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu an kawar da amfani, gonaki sun buɗe har iyakar ganinka, ƙudaje sun ɗauke, abinci ya wadata. Ko'ina ka duba harawa ce a kan rassan itatuwa da rufin ɗakuna, an ɗora ta inda awaki ba sa kaiwa. Doki ya yi gudu bai jiƙe da gumi ba. Shanun Fulani sun bazu cikin kara suna kalar abin da ya saura, makiyayi ya rataya sanda a kafaɗa ya ɗaga maka hannu. Hazo ya sa kukoki na fitowa ɗaya-ɗaya, sai ka zo kusa ka gan su.

Sai dai buɗaɗɗiyar gona tana da yaudara. Kunyoyi sun bushe sun yi tauri, ga ramukan gafiya, ga tushiyar karan dawa da aka sare a karkace, tsininta na iya huda ƙasan kofato. Mai hankali ba ya sukuwa a nan. Burtali ake nema mai yashi, kuma burtalin ma gonaki sun ci shi daga hagu da dama har wani wurin shanu biyu ba sa jerawa. Da na samu inda ya miƙe na sassauta linzami. Ban taɓa shi da dunduniya ba, shi ya ɗauka da kansa. Iska ta cika mini riga, hawaye na zuba saboda sanyi, ba na jin komai sai dukan kofato da numfashinsa. Na bar shi har ya fara sassautawa don kansa, sannan na tattara shi a hankali. Ba na yin zamiya. Na san ita ce kwalliyar hawa a wurin mutanenmu, a taho a guje a ja linzami doki ya zauna kan ƙafafun baya ƙura ta tashi, mata su yi guɗa. Amma wanda ya taɓa buɗe bakin doki bayan an gama wannan kwalliya, ya ga abin da linzaminmu mai zobe ke yi wa dasashi da haɓa, sha'awarta za ta ragu masa. Ban da haka ma, ma'aikaci yana da dalilin taka-tsantsan da manomi ba shi da shi. Aliero tana nan kusa, kuma masu ɗorinta sun yi suna har ƙasashen maƙwabta, amma ban san yadda zan tsaya gaban shugabana ranar Litinin da hannu a karan ɗori in ce masa kilisa na je ba.

A dawowa na bi ta wurin da taubashina ke aikin rani. A nan na ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai a wannan tafiya. Mu 'yan birni mun ɗauka mu kaɗai ne lokaci ya yi wa ƙaranci, mutanen ƙauye kuwa da an kai amfani rumbu sai hutu. A da kusan haka ne. Rani shi ne lokacin kokawa da dambe da farauta da fatauci da ziyara. Mayaƙa ma sai an gama girbi suke ɗaura sirdi. Yanzu injin ban-ruwa ya cinye wannan hutu. Tun da Buhari, shugaban ƙasa na lokacin, ya zo Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki, noman rani ya ƙara zama sana'ar kowa a wannan yanki, ga albasa da tattasai da barkono da dama can ake yi. Albasa kuwa ba ta san uzuri ba. In ranar ruwanta ta zo sai a ba ta. Yaron nan yana fita kafin in fita ofis, yana dawowa bayan na dawo, kuma shi ba shi da Asabar. Na same shi tsugune gaban inji yana fama da fulogi, ya ce mini maƙwabcinsa ya koma sola ya huta da sayen mai, shi ma in albasa ta yi kuɗi bana zai saya.

"To yaushe kake fita da shi?" na tambaye shi, ina nuna dokin.

"In na samu hili. Wani mako sau guda, wani mako ko sau guda babu."

Wannan magana ba ƙarama ba ce ga wanda ya san doki. An halicce shi don yawo, yana tafe yana tsinkar ciyawa yawancin yini. In aka ɗaure shi a turke kwana da kwanaki ana ɗura masa dawa, sannan rana ɗaya mai shi ya zo daga birni da ɗoki ya sa shi gudu, naman cinyoyinsa na iya ɗaurewa, ya tsaya cak yana rawar jiki, fitsarinsa ya yi duhu. A Ingila ta zamanin keken doki an san wannan ciwo sarai, ranar Litinin yake kama dawakin da suka huta Lahadi aka ba su hatsi cikakke. Ga kuma ciwon ciki, wanda ya fi kashe dawaki a irin wannan yanayi: abinci busasshe ne ƙarau, sanyi kuma ya sa doki ba ya son shan ruwa, sai hanji ya toshe. Dabarar tsofaffi ta jiƙa kanwa a ruwan sha tana da hikima, tana sa shi ƙishi ya sha da yawa. Kawu kuma ba ya ba shi ruwan da ya kwana a waje, sai wanda aka ɗebo daga rijiya da hantsi, da ɗuminsa. Harawar ma yayyafa mata ruwa yake yi saboda ƙura, don kada tari ya kama shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da za a iya yi daga ofis, ko ta waya.

Da dare, muna shan fura a zaure, Kawu ya ɗauko zancen dauri. A ganinsa mu ma'aikatan yanzu abin tausayi ne.

"Dauri wanda ad da aikin gwamnati shi ka hawa. Hakimi bisa doki, malamin haraji bisa doki, Nasara da kainai bisa doki za shi rangadi. Ku ko an ba ku kujera an ce ku zamna."

Gaskiya ya faɗa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, da doki aka yi mulkin ƙasar nan shekaru da dama. Da rani di'o ke fita rangadi ƙauye-ƙauye, har alawus na doki ake ba shi, masu karɓar haraji da jangali ma haka. A fadar sarki kuwa akwai Shamaki, wanda barga ce aikinsa. Hawa yana cikin aikin da ake biyan mutum. Mota da babur suka raba su, doki ya koma abin Sallah da biki, mai son sa kuma ya koma satar lokaci.

Kuma sata ce, kada a yi mata wani suna. Ba a tsintar Asabar a ƙasa. Daga hannun wani ake ƙwato ta. Hunturu shi ne lokacin aure, an sayar da amfani kuɗi sun shigo, kowane mako da katin ɗaurin aure a kan teburina, wani na abokin aiki, wani na dangin uwargida, wani na wanda ya zo nawa. Ga ta'aziyya, wadda ba ta sanarwa. Disamba kuma ofis ke rufe lissafin shekara, wani lokaci har Asabar ɗin a kira ka. Uwargida ta taɓa ce mini, cikin raha amma ba raha ba ce, yaranta suna ganin ubansu kwana biyu a mako, yanzu an kawo musu kishiya mai ƙafa huɗu. Duk ranar da na hau doki a Liba, akwai inda aka duba ba a gan ni ba. Na zaɓi in riƙa ɗaukar wannan laifi jefi-jefi, in kuma riƙa tafiya da babban ɗana in makaranta ta yi hutu, ko a rage ƙorafi.

Wani abin da ke tafe shi ne azumi. Na 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, na 2026 cikin Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Nan da 'yan shekaru tsakiyar hunturu zai faɗo. Mai azumi zai ji daɗi, amma mai shirya doki don hawan Sallah zai ga lokacin horon ya ƙara matsewa, don ba kowa ke iya baro iyali da buɗa-baki ya tafi ƙauye kilisa ba.

Ranar Lahadi da hantsi, ina haɗa kaya, Kawu ya fito da maganar da na lura tun jiya yake juyawa. Wasu samari daga Maiyama sun zo neman hayar akawal don hawan angwanci, kuma sun yi tayi mai kyau. Na ɓata fuska. Na ga yadda ake yi a irin wannan hawa: yaron da bai taɓa ba doki ruwa ba ya ɗaura ƙaimi, ya yi ta sukuwa a kan kwalta, a dawo da dabba baki na jini, ƙafa na ɗingishi.

"Kawu, ku yi haƙuri, ban so."

"Ba ka so, na jiya. To shi wanga da ka gani yana cin dawa kullum, ranakkun aikinka da na hutunka duka ɗai ne gare shi. Kuma tsayuwa ta hi gudu kashe shi. Kai ba ka nan, yaro na ga albasa, ni ƙugu ya ƙiya. Wa za shi hawa?"

Muka yi ta ja har rana ta ɗaga. Inda muka tsaya shi ne, za a ba da shi haya amma taubashina ne zai riƙe shi daga fita har dawowa, ba ƙaimi, ba kwalta, kuɗin kuma a zuba su a dawa. Sannan yaron zai riƙa fita da shi Talata da Alhamis da yamma, ko zagayen gari ne, ni kuma in biya ɗan ƙwadagon da zai tsaya masa a kan ruwa a waɗannan sa'o'i. Da na lissafa sai na ga kuɗin sun kusa na motar zuwana. Taubashin nawa ya ce wannan shi ne karo na farko da gwamnati ta ɗauke shi aiki, ya kuma tambaya ko akwai fansho.

A Jega na tsaya wurin wani baduku, don majayin ya fara cin gefe kuma ba na son ya tsinke a hannun 'yan biki. Ya auna tsohon da tafin hannu, muka yi ciniki, ya ce in dawo Juma'a mai zuwa in karɓa. Na ce masa Juma'a mai zuwa ina Argungu wurin ɗaurin aure, in ya gama ya ba direban Maiyama, akwai ɗan kabu-kabun da zai kai Liba.